Ranar da Na Ba Gawa Nasara

Gidan rediyonmu na Bagudo ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani mai gyaran rediyo. Shi ya harhaɗa na'urar da hannunsa, batirin mota ke ba ta wuta, eriyar kuma a kan gora muka ɗaure ta. Muryarmu na kai wa Bahindi, wani lokaci har Matsinkai. Wasanni kawai muke yi: ƙwallo, dambe, kokawa. Ni ne mai sharhi. Aji biyu na yi a firamare aka kore ni saboda surutu, surutun kuma ya zama sana'ata.

A lokacin waya ba ta iso wurinmu ba. 'Yan kabu-kabu biyu ke kai-komo tsakanin fili da ɗakin, suna kawo mini labari guntu-guntu, ni kuma in cike giɓin kamar ina wurin. Ban taɓa ganin wasan da na yi wa sharhi ba. Mutane sun yarda da ni duk da haka, yardar nan kuwa ita kaɗai gare ni.

Wata safiya ɗan kokawar Bahindi ya tsallaka Benin yin karawa. Ɗan kabu-kabu na farko ya dawo ya ce an kama, namu na da rinjaye. Na biyu shiru. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Kai, babban banza, baturi na mutuwa, ƙare mana!"

Na ce, "In ƙare da mi?"

"Da bakin da Allah ya ba ka."

Sai na kayar da ɗan Benin. Na ɗaga shi, na juya shi, na maka shi da ƙasa, har ƙura na tayar.

Da azahar ɗan kabu-kabu na biyun ya iso a hankali, bayan wata mota. Namu aka kayar, a kan wuya. Ya cika kafin su kai iyaka.

Mahaifiyarsa ta zo da kanta. An ce ta riga ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta don murnar nasara. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Na durƙusa na ce, "Inna..."

Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Hwaɗa musu jana'iza bayan la'asar. Kak ka ƙara komi."

Sau uku na faɗa, ban ƙara ko harafi ba. Amma waɗanda suka ji ni da safe sun ɗauka wani shaƙiyancin ne na tsiro da shi. A Matsinkai har dariya aka yi, aka ce yau kuma abin nasa ya kai ga kisa.

Mutumin da yake cika fili, sahu biyu ne suka sallace shi, na biyun ma bai cika ba. Ni na tsaya a ƙarshensa. Washegari mai shagon ya miƙo mini makirfo, na ce ya nemi wani.