Doreen Ackroyd, Surukata da Har Yau Ban Gama Gane Ta Ba

Ƙarfe shida na safe take fitowa daga gidanta a garin Keighley na Ingila, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ta hau bas zuwa makarantar firamaren da take girki. Kafin malamai su iso ta feraye dankalin yara ɗari biyu. Shekara talatin da shida tana haka. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, aka ba ta fure, ta ce a kai ofis don gidanta ba wurin ajiyewa.

Uwar matata Lorna ce. Shekara goma sha ɗaya ina cin abincinta duk Lahadi, kuma in aka ce in faɗi halinta, sai in yi shiru.

Tun ranar farko ta rikita ni. Ta ce in zo shan shayi ƙarfe biyar, na cika cikina a gida na tafi. Ashe abincin yamma suke kira shayi. Na tarar da gasasshen naman sa, da dankali, da kabeji, da romo mai kauri, ba yaji ko ƙwaya. Na russuna na ce, "Mama, ina wuni?"

"Doreen sunana. Miƙe, ko wani abu ka yar a ƙasa?"

Akwai wata wainar fulawa da ake gasawa cikin kitse, ta kumbura ta yi rami a tsakiya, a zuba mata romo. Wani abokina ya taɓa gaya mini da kitsen alade wasu ke yi. Naman ma ban san yankansa ba. Sai na riƙa cin dankali dafaffe da ganye, in ture sauran gefe. Doreen ta ɗauke farantin. Lahadi ta zagayo, ta sake cika mini shi fal.

Shekara bakwai muna haka. Ni kunyar suruka ta hana ni tambaya. Lorna ta taɓa tambayar ta, amsar da ta samu ita ce, "Ya ci abin da ya ga dama." Na ɗauka gatse ne. Har na ce wa Lorna na daina zuwa, muka kwana uku ba ma magana.

Ran nan na shiga shagon Rafiƙ, mahaucin da Musulmin unguwarmu ke sayen nama wurinsa, Lorna na biye da ni. Ya dube ta ya ce, "Ke ba 'yar tsohuwar nan mai jar jaka ba ce? Duk Asabar bas biyu take hawa ta zo nan. Nama da kitse, duk nawa take saya. Ta ce mijin 'yarta Musulmi ne, amma da alama girkinta bai yi masa ba."

Ban san yadda na fito daga shagon ba.

Lahadi na same ta a kicin. "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Me zan gaya maka? Ka zaci alade zan ba ka?"

"Amma kina gani ba na ci."

"Na ɗauka ɗanɗanon ne bai yi maka ba. Yara nawa na gani suna ture kabeji shekara biyar, a ta shida su cinye? Matsa, kana tare mini murhu."

Mijinta Clive ya leƙo daga falo. "Shekara bakwai rabona da alade ran Lahadi saboda kai, malam. Yau ko ka ci, ko in ɗura maka."

Waina huɗu na ci. Gefenta ƙamas, cikinta laushi, romon ya ratsa ta. Hawaye ya taru mini, Doreen ta miƙo mini ruwa, ta ce wa Lorna, "Ga shi nan, na ce miki barkonon ya yi yawa."

A walimar sallamarta na ji ba ni kaɗai ba ne. Wata malama ta ce Doreen kan gane yaron da ya zo bai karya ba, ta ajiye gasasshen burodi a bakin taga ta juya baya. Wata uwa ta tashi za ta yi godiya, Doreen ta gudu kicin wai ta bar ruwa a wuta.

Ke ce mai ciyarwa ba tambaya, Mama. Ke ce mai alheri da ɗaurarriyar fuska. Har yau ban san ko kina fushi ko kina wasa ba in kin ce na rame. Ban san dalilin da kike cin nama da miyar tuffa ba. Abin da na sani, kin kiyaye addinina shekara bakwai ina zarginki. Na gode, kuma ki yafe mini.

Ku da kuke da irinta a gida ko a wurin aiki, ku yi koyi da ita, amma ku fi ni saurin buɗe baki. Na karanta mata wannan rubutu jiya, Lorna na fassarawa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗari biyu da arba'in ne yaran. Gyara."