Tarin Mutumin Urafane

Da na gama lakwal, wato makarantar kiwon lafiya, labo ɗin asibitin Tasawa, ɗakin gwaje-gwaje, aka fara tura ni aiki. Ɗaki ne guda mai taga biyu. Ɗaya tana kallon wata tsohuwar bishiyar bedi, ɗayar tana kallon barandar da masu jiran sakamako suke zama. Mu biyu ne a ciki, ni da shef ɗina, shugaban labo ɗin, wani dattijo ɗan Mayahi da ya daɗe yana aikin har yatsunsa suka rine da shuɗin maganin rini. Ba mai yawan magana ba ne. Idan na shafa jini ko kaki a kan lam, wato ɗan gilashin da muke sawa ƙarƙashin mikroskop, sai ya ɗauka ya ɗaga ta wajen taga ya duba. In ya yi kauri ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba, in ɗauki wani in sake.

Da damina masassara ce aikinmu, daga safe har la'asar muna huda yatsun yara. Idan aka yi girbi sai ta lafa, masu tari su fara zuwa. Kuran, wato wutar lantarki, yakan ɗauke ba sallama, saboda haka muna da wani tsohon mikroskop mai madubi a ƙasa, wanda ake juya shi ya kamo hasken rana. Na fi son shi da sabon mai aiki da kuran. Haskensa ya fi taushi a ido.

Bayan girbin shekarata ta farko ne aka kawo mutumin. Shef ya tafi Maraɗi wani horo, ni kaɗai ce a labo. Na hango amalanken jaki ya tsaya ƙarƙashin bedi, wata mata ta sauko, ta kama hannun wani dogon mutum ta sauko da shi a hankali. Ba'abzine ne, makiyayi daga wani ƙauye bayan Urafane, ya naɗe fuska da rawani baƙi, idanunsa kaɗai ake gani. Rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a sanda. Matar gajeruwa ce, kakkaura, ta manyanta, Hausarta tar. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Urafane, shi ne ya turo su a duba kakinsa, don tarin ya ƙi jin magani.

Na ba shi ɗan kwano mai murfi, na nuna masa bayan gini inda iska ke kaɗawa. Ya je ya dawo ya ajiye kwanon a bakin taga, bai yarda ya miƙo mini hannu da hannu ba. Da na buɗe, miyau ne zalla, fari, mai kumfa.

Na ce, "Baba, ba wannan nake so ba. Wanda yake fitowa daga ƙirji in an yi tari, shi za ka kawo."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi wani kwanon, ya sake komawa. Ina jin tarinsa daga inda nake, mai zurfi, irin wanda ke jijjiga mutum. Amma abin da ya dawo da shi miyau ne kamar na farko. Raina ya fara ɓaci, ga mutane suna jira. Sai matar ta matso kusa da taga ta rage murya.

"Ɗiyata, kada ki gaji da shi. Abin shina fitowa, a ƙasa yake tofarwa ya rufe da rairayi. Kunya yake ji ya miƙa wa ɗiyar mutane ƙazanta. Mutumin nan ko abinci ta ƙarƙashin rawani yake ci in akwai baƙi."

 A lakwal an koya mana yadda ake gane kaki mai kyau da marar kyau, amma ba wanda ya faɗa mana abin da za mu yi da kunyar dattijo.

Na ce, "To Inna, ke ba ya jin kunyarki?"

Ta yi dariya. "Ni? Mi ya rage da ban gani ba?"

Sai na koya mata ita. Da asuba, kafin ya ci komai, ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi sosai ya riƙe, ya saki, ya maimaita, sannan ya yi tari daga can ƙasa. Ta sa na sake faɗa mata, ta gwada jan numfashin a gabana har masu jira suka yi murmushi. A farfajiyar asibiti suka kwana, kusa da jakinsu.

Washegari na tarar da ita tsaye a ƙofar labo tun ban buɗe ba, kwanon a naɗe cikin tsumma. Wannan karon kaki ne na gaske, mai kauri, da ɗan jan jini a jiki. Na shafa shi a lam, na bar shi ya bushe, na gitta shi a kan wuta don ya kama. Na zuba jan rini na ɗumama shi har ya fara tururi, na wanke da asid, na bi da shuɗi. Haka ake yi: asid yana ɗauke ja daga komai, ban da ƙwayar tarin fuka, ita tana riƙe shi. Kuran bai zo ba ranar, sai na jawo tsohon mikroskop bakin taga, na ɗiga mai a kan lam, na juya madubi.

Ban daɗe ina nema ba. Ga su nan a cikin shuɗin, ƴan sirara jajaye, wasu a warwatse, wasu a cure wuri guda. Na taɓa ganinsu a lam ɗin koyo, na kuma gan su tare da shef, amma wannan ne karo na farko da na same su ni kaɗai. Na ji daɗi, kuma na ji kunyar daɗin da na ji, don mai su yana kwance a kan tabarma ina hango ƙafafunsa.

Matar tana bakin taga tana kallona. Ta ce, "Kin ga wani abu?"

"Na gani, Inna."

"A garinmu sun ce iska ce ta shige shi a bakin rijiya. Wasu sun ce hannu aka sa mai." Ta nuna mikroskop ɗin da haɓa. "Ana barin mutum irina ya gani?"

Ban san ko ana bari ba, amma lam ɗin da aka riga aka ƙona aka rina ba ya cutar da kowa. Na buɗe mata ƙofa. Ta cire takalma kamar za ta shiga ɗakin surukai. Da farko ta manna ido sosai, ta ce gashin idonta kawai take gani. Na ja kanta baya kaɗan, na ce ta saki jiki. Ta daɗe a sunkuye.

"Waɗannan ƴan jajayen, masu kama da ƙaiƙayi?"

"Su ne."

Ta ɗago ta kalli wajen mijinta, ta sake sunkuyawa. Ta ce a hankali, "Mutumin da yake jan guga shi kaɗai ya shayar da garke. Waɗannan ne suka kwantar da shi."

Likita ne ya yi masa bayanin cutar, ya ce tana warkewa in aka sha magani kullum har wata shida ba fashi. Ina tsaye a gefe. Mutumin ya saurara har ƙarshe, tambaya guda ya yi, ko zai sake iya jan ruwa. Aka ce in Allah ya so. Aka duba matar ita ma, ba a sami komai ba. Suka koma Urafane, a can zai riƙa karɓar maganinsa.

Ka'ida ce a sake duba kakin mai magani lokaci zuwa lokaci, a ga ko ƙwayoyin suna tafiya. Ana iya aiko da shi ta hannun mai moto, wato ɗan haya da babur, amma matar ba ta yarda ba, da kanta take kawowa. Wani lokacin ma ba kaki, ta shigo kasuwa ne ta biyo. Takan zo mini da cuku a ƙulle a gefen zane, mu zauna ƙarƙashin bedi in na sami sarari. Ta ba ni labarin awakinta ɗaya bayan ɗaya, da halin kowace. Ta tambaye ni mi uwata take cewa a kan aikina. Na faɗa mata gaskiya, cewa ba ta so, tana cewa na yi karatu na ƙare a wankin ƙazantar mutane, kuma ba ta barina in taɓa tulun gida sai na yi wanka.

Matar ta ce, "Bar ta. Tsoro take ji miki. Ni ma da ɗiyata ce ke, sai kin yi wankan." Ta gutsuri cuku ta miƙo mini. "Amma da na yi ta alfahari da ke a gari."

A dubawar farko bayan fara magani, na sake ganin jajayen. Ba yawa, ɗaya nan ɗaya can, amma suna nan.  Na kira shef ya duba, ya daɗe yana zagaya lam ɗin. Ya ce wani lokaci gawarwakin ƙwayoyin ne suke fitowa, rini kuwa ba ya bambanta matacciya da mai rai. Yana kuma yiwuwa ana tsallake magani, ko kuma ƙwayar ba ta jin sa. Ba mu da na'urar da za ta raba mana gardama a lokacin. Sai dai a ci gaba, a sake dubawa.

Da na tambayi matar ko yana shan maganin kullum, fuskarta ta canza.

"Da hannuna nake ba shi. Ina tsaye har ya haɗiye."

"Ban ƙaryata ki ba, Inna. Dole ce in tambaya."

Ba ta zauna ba ranar, ta ɗauki tsummanta ta tafi. Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Duk amalanken da ya tsaya a farfajiya sai na leƙa.

Da lokacin sake dubawa ya yi, su biyu suka zo. Ban gane shi ba da farko, don da ƙafarsa ya shigo, shi ne ma yake jan jakin. Na duba lam ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, na koma na sake bi, shef ma ya bi. Shuɗi ne kawai. Da na faɗa musu, matar ta zauna a kan dakalin baranda ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya matso bakin taga, ya tsaya, ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗiyata, Allah shi tsare miki idanunki."

Na ce amin. 

Kafin a kai ga dubawar ƙarshe, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Yamai. Ni na nema tun da daɗewa, don ina son ƙarin karatu, kowa kuma ya taya ni murna. Ba su da waya, hanyar ƙauyensu rairayi ce, ga shirin tafiya. Ban yi musu sallama ba. Shef ne ya kira ni daga baya ya ce an duba na ƙarshe, ba komai, mutumin ya warke. Ya ce matar ta tsaya a bakin taga ta ƙi sakin kwanon, tana tambayar ina ɗiyarta, sai da ya rantse mata cewa lafiya lau nake, aiki ne ya ɗauke ni.

Labo ɗin da nake yanzu babba ne, mai sanyi. Akwai na'urar da ake sa mata kaki, kafin a tashi aiki ta faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko tana jin magani. Da muna da ita a Tasawa, da ba a yi wancan zaman zullumin ba, kuma ba zan so a koma baya ba. Sai dai kwanonin a cikin akwati suke zuwa mana daga wasu sassan asibiti, kowanne da lambarsa. Ina yin yini ban ga fuskar mai ciwo ko ɗaya ba. Wani lokaci in na fitar da sakamako mai kyau, nakan ɗaga kai in rasa wanda zan faɗa wa.

Shekaru sun wuce kafin na sami zuwa Urafane. Na je Tasawa ganin uwata, sai na ɗauki mai moto ranar kasuwarsu. Na bi wajen masu sayar da awaki ina tambaya, ina kwatanta dogon mutum da ya taɓa yin tari da gajeruwar matarsa. Wata tsohuwa ta gane su. Ta ce ya koma bakin rijiya, ya yi shekaru yana shayar da bisashensa, yanzu dai tsufa ya sa ƴaƴansa sun karɓe shi. Matar tana nan da ranta, ƙafa ce take damun ta. Amma sun yi arewa da garke tun faɗuwar damina, sai an kwashe amfanin gona suke gangarowa.

Na ce in sun dawo ta gaida su, ta ce musu ɗiyar labo ta Tasawa ta zo. Tsohuwar ta maimaita don kada ta manta. Na ɗan ƙara zagayawa cikin kasuwa ba don ina neman komai ba, har mai moton ya zo ya ce mu kama hanya, hadari yana haɗuwa ta gabas. Muka taho tsakanin gonakin wake, ina riƙe da mayafina. Ban sani ba ko saƙon ya isa gare su.