Wainar godiyar Lubabatu

Yayata Lubabatu mai bandar kifi ce. Daga tafkin Kalmalo ake kawo mata, ta banda, ta ba yara su kai kasuwar Illela ran Lahadi, inda mutanen Ƙonni ke wawashewa. Ba ta da yawan magana. Idan tana ƙaunarka, sai ka ga kan tarwaɗa a kwanonka.

A shekarar 1987 ƙulli ya fito mata a nonon hagu. Ni ɗan dakon albasa ne, na roƙi direbanmu ya ɗauke mu zuwa wani babban asibiti a Kaduna. Suka ɗauki hoto, suka ce ciwon daji ne, ya girma da yawa, sai an ƙanƙantar da shi da magani kafin a yanke. Maganin ta jijiya ake sa shi. Gashinta ya zube, warin kifi ya koma sa ta amai.

Da aka sake hoto, likita ya jera su biyu a jikin fitila. Farin dunƙulen da ya kai ƙwan kaza ya koma kamar gurjiya, sai ɗigo-ɗigo kewaye da shi. Ya ce, “Ya ja baya ne, bai tafi ba. Ku huta, ku dawo a yi aiki.”

Muna isa gida muka tarar labari ya riga mu: Lubabatu ta warke. Mata suka cika gidan da barka. Ran Juma'a ta jiƙa shinkafa, ta toya wainar sadaka, aka raba har ƙofar masallaci.

Da lokaci ya yi na ce, “Yaya, shirya mu koma.”

“In koma in yi mi, Dabo? Gari duk sun ci wainata. Na gode ma Allah gaban jama'a, sannan in tai in miƙa ma wuƙa? Ce mai zan yi ban yarda ba?”

“Likita ya ce da saura.”

“Kai da likitan, wa ya taɓa ganin cikin mutum? Ɗauko min itace.”

Na ɗauko. Ta yi damina guda tana banda, gashinta ya tsiro, har ta yi kitso. Da sanyi ya shigo ƙullin ya dawo, da wani a hammata. Wannan karon ita ta ce mu tafi. Suka duba sabon hoton, suka ce wuƙa ba ta da sauran amfani.

A hanyar dawowa, saman buhuna a bayan motar direbanmu, ta kama hannuna. Tun ina yaro rabon da ta yi haka. Ba ta sake shi ba har Gwadabawa, dab da gida.