Jakin laka mai tarin Baba

Wani hutu, bayan an gama yankan gero, na kai yarana ƙauyenmu wajen Bici. Suka taho da wata jaraba a wayata, fim ɗin 'yan tsana da motocin roba, irin wanda ake matsa abin wasa kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara matsawa a ɗauka, har ya zama kamar da kansa yake tafiya. Na kalla har na haddace tsarinsa. Kullum wani mai rawar kai zai yi ɓarna, a yi ta guje-guje, a ƙarshe a taru gaban wani tsohon abin wasa da ba ya motsawa daga inda yake, ya yi musu nasiha, a kwashe da dariya. Ba a ko zane mai laifin. Wannan ne ya fi ba ni haushi, don a tatsuniyar gidanmu kura ba ta tsira da fatarta.

Babban ɗana ya ce su ma za su yi nasu. Suka ɗebo laka a bakin kududdufi, suka gina shanu da awaki. Autata ta gina jaki, amma wajen shanya shi, ƙafarsa ɗaya ta ɓalle. Yayan, wanda ya riga ya naɗa kansa darakta, ya yanke hukunci cewa abin da ba ya iya tsayuwa ba zai shiga fim ba. Ba ta yi kuka ba. Ta koma bayan rumbu ta rungume jakinta, ta ƙi cin tuwo. Abin ya sosa mini rai.

Na kira darakta gefe na ce, "A fim ɗin naku wa zai yi nasiha? Ai tsohon ba ya tashi." Sai na nuna masa mahaifina da baki. Baba yana kan buzunsa a gindin darbejiya, inda yake tun hantsi. Yaron nan ya gane kafin in rufe baki.

Aka kwantar da jaki kan guntun fata, aka kifa masa murfin kwalba a matsayin hula. Auta ce ta yi muryarsa. Ta yi gyaran murya, ta yi tari irin na Baba, ta ja magana ta ce, "Kai, yaran zamani. To, Allah ya kyauta." Sai da na dafa bango don dariya.

Bayan la'asar aka nuna wa Baba. Inna tana ganin hular ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa ya kalla har ƙarshe fuskarsa a ɗaure, har na fara tunanin ta inda zan zame.

Ya ce, "Jakin nan na wane ne?"

Auta ta ce, "Nawa ne, tsoho."

"Amarya, ni za ki yi wa haka? To tarin bai yi ba. Miƙo wayar."

Ya gyara zama ya yi musu tari na gaske, aka ɗauka. Sannan ya kafa doka cewa ba a ƙara yin fim a gidansa sai jakin amaryarsa ne ya yi magana ta ƙarshe.

Har hutun ya ƙare, kullum da safe sai darakta ya je ya durƙusa gaban ƙanwarsa yana roƙon aron jaki. Ita kuma takan ce ya dawo an jima, jakinta bai tashi daga barci ba.