Dariyar da Ba Ka Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha uku ga Fabrairun 1978, Allah ya karɓi ran mai gidana, wanda Bunkure ta sani da Hambali ɗan kama, bayan gajeriyar jinya.

Malam, kai taubashina ne tun kafin ka zama mijina, shi ya sa ba mu taɓa cin tuwo ba tsiya ba. Ka ce miyata ta fi ruwan kanal ɗin noman rani tsinkewa, in ce ai daidai take da ƙarfin mai cefanen. Ko gidan makoki ka shiga, sai ka san yadda ka yi marayu suka ci abinci.

Bara da ma'aikatan noman rani suka zo yin fim a kan rabon ruwa, suka sa ka fito a matsayin manomin da ke faɗa da matarsa kan wa zai buɗe wa tumatir ruwa, har suka faɗa kwata su biyu. Wata 'yar wasa daga Kano ta fito a matar, amma maganganun bakinta duk nawa ne, kai ka kwashe ka kai musu.

A birni aka fara nunawa. Wani ya yaba a rediyo, ya ce ka dawo da wasan da aka manta. Wani kuma ya rubuta a jarida cewa wannan tsohon yayi ne, ka mai da manomi abin dariya. Na jaridar ka riƙe. Ka ce mini, “Saude, ashe mutanena na kunyata?” Na ce a'a, ba ka yarda ba. Tun daga ranar ba ka sake kushe miyata ba, ka rasu kana jiran a kawo fim ɗin gida ka ga fuskokin mutanenka.

Shekaranjiya bayan magariba motar majigi ta tsaya a dandalin bayan gidanmu. Ina takaba, ban fita ba. Daga tabarmata na ji muryarka ta tsallako katanga, na ji Bunkure tana dariya, har da tarin Iliyasu maƙwabcinmu da ya shaƙe. Ba wanda ya ji kunya, Malam. Da ka ce miyar ta tsinke, na riga matar fim ɗin ba ka amsa, ni kaɗai a ɗaki.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa Aljanna makoma. Allah ya ba 'yarmu Talatu da ƙannenta da dangi duka haƙuri, ni ma ya ba ni.

Saude, Bunkure