Abin da Kyamarar Tsaya-Haka Ta Gani a Kan Gungume

Katanga ɗaya ce tsakanina da Tsaya-Haka, ita ma katangar ta gaji, don idan ya yi tari ni nake ce masa sannu. Ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Lokacin da yake da shagon hoto a bakin titi, duk wanda ya zauna a gaban farin ƙyallensa sai ya ji: “Ɗaga haɓa. Rufe baki. Tsaya haka!” Sunan ya bi shi har furfura. Ni kuwa faci nake yi, kuma Allah ya hore mini baki. Idan ban tsokani mutum da safe ba, ji nake kamar ban wanke ido ba.

Wata rana ya tsaya yana kallon hotunan talla da ya liƙa a gilashin shagonsa, sai ya ga rabin mutanen sun riga mu gidan gaskiya. A watan ya sayar da shagon. Ya ce ya gaji da ɗaukar waɗanda za su tafi su bar shi da fuskarsu, tsuntsaye zai koma ɗauka.

Na ce, “Shi tsuntsun ba ya mutuwa ne?”

Ya ce, “Yana mutuwa, amma ban san uwarsa ba.”

Ya sayo wata baƙar kyamara mai dogon hanci, ya ce mara madubi ce. Na ce ashe shi ya sa ta fito da muni, ba ta taɓa ganin kanta ba. Bai yi dariya ba, ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai tsofaffin akwai ɗan madubi a cikinsu da ke tsalle, shi ke yin ƙwas ɗin nan da ke korar tsuntsu. Wannan kuwa ko numfashi ba ta yi. Kuma da kanta take neman ido: idan ka leƙa za ka ga wani ɗan koren akwati yana yawo, da ya sami ido sai ya ɗafe. Kai dai ka gaya mata idon wa kake so, na mutum ko na tsuntsu.

Bayan gidajenmu akwai tafki, can bayan tsohon kamfanin da ya daina aiki. Nan yake zuwa kullum da sassafe, matarsa Goggo tana biye da shi da filas da ɗinkinta. Akwai wani gungume da ya faɗi a bakin ruwan, a kansa take zama tana yi masa tsiya ƙasa-ƙasa don kada zalɓe ya tashi. Goggo ba ta son hoto. Da ya juyo da hancin kyamara sai ta kare fuska da tafi ta ce, “Je ka ɗauki 'yan'uwanka masu fiffike.” Mutumin da ya ɗauki fuskar gari guda, abin da yake da shi na matarsa tafin hannu ne kawai.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, bai ma ba mu lokacin tsorata ba.

Bayan rasuwar bai fasa zuwa tafki ba, amma ya daina kirana in zo in ga agwagwar ruwa da kifi a baki. Yakan dawo da rana tsaka, batir ya ƙare, katin ajiye hoto wayam. Na tsokane shi ko tsuntsayen sun shiga yajin aiki ne, ya dube ni kamar daga nesa, na haɗiye sauran.

Sai ga 'yarsa, wadda take aikin nas a wani gari, ta same ni a rumfar faci ina fama da tayar babur.

“Kawu, Baba ya ce mini kyamararsa tana ganin Inna.”

Na ce, “Wasa yake miki.”

“Baba ne zai yi wasa? Kawu, na ga irin wannan a asibiti, haka yake farawa. Na gyara masa ɗaki a wurina. Don Allah ka bi shi ka gani. Idan kan ne ya taɓu, zan zo in ɗauke shi. Abin da ka gaya mini da shi zan yi aiki.”

Na san gidan nata. Bene ne, hawa na sama, ba abin da ke da fiffike sai fanka. A kai Tsaya-Haka can, ai an gama da shi.

Washegari na bi shi. Raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando, hazo kwance a kan ruwan, balbelu sun yi layi a kan rufin kamfanin kamar masu jiran albashi. Ga zalɓe tsaye kusa da mu, wanda a da sai ya yi rarrafe kafin ya samu. Ko kallonsa bai yi ba. Ya kafa ƙafa ukun kyamarar, ya juya mata hanci wajen gungumen, ya ce a hankali, “Ina kwana.” Ba da ni yake ba.

Sannan ya matsa. “Leƙa. Kada ka taɓa komai.”

Na ɗora ido. Gungume, busassun ganye, ciyawa. Koren akwatin ya yi nan, ya yi can, kamar kare yana shinshina, sai tsam, ya ɗafe wuri ɗaya. Ya tsaya yana ɗan motsi sama da ƙasa, irin motsin abin da ke numfashi. Na ɗago kai na duba da idona, ba kowa. Na sake leƙawa, yana nan. Ni da bakina ba ya mutuwa, na nemi wasa ko ɗaya na rasa. Na riƙe kyamarar gam da hannu biyu, na kasa ɗauke ido.

Na ce, “To ka ɗauka mana, mu gani.”

“Goggo ba ta so.” Sannan ya ce, “Kuma idan na ɗauka na ga ba komai fa?”

Sai da muka dawo gida, yana zaune a tabarma yana goge gilashin, ya danna wani abu, fuskarsa ta canza.

“Mai Faci, me ka yi?”

“Ni? Wallahi ban ji ko ƙwas ba.”

“Ai ba ta ƙwas, shashasha! Yatsanka na kan maɓallin!”

Ashe duk riƙon da na yi mata hoto take ta zubawa shiru, sun cika katin kamar ƙwan kifi. Ya miƙo mini ita yana kallon bango. “Kai ka ɗauka, kai za ka duba.”

Ya gaya mini inda zan murza hoton ya ƙara girma. Na murza. Ganye, ganye, ɓawon itace, sai wani ganye mai ido. Yautai ne, tsuntsun nan na dare, kwance lamo a gindin gungumen, launinsa sak na busasshen ganye, ya lumshe ido rabi. Ko taka shi za ka yi ba za ka gan shi ba. Dariya ta ƙwace mini har da hawaye.

“Tsoho, ga Goggon taka! Har da gashin baki!”

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Hoto ya yi. Duk rayuwata ban ɗauki irinsa ba, sai ga mai faci ya ɗauka da rawar jiki.” Sannan ya sa farce a kusurwar allon, kan wata 'yar alama. “Wannan mene ne?”

“Kan mutum.”

“Tun da ta rasu na mayar da ita kan idon mutum. Ban sake mayar da ita kan tsuntsu ba.”

Na ce, “Inji ne, yana kuskure.”

Ya ce, “Yana yi.”

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Yautan a ƙasa yake. Akwatin da na gani kuwa, a tunanina, sama da gungumen ya tsaya, daidai inda kan mai zama zai kai. Amma idon mai faci da ya tsorata ba abin rantsuwa ba ne.

Da 'yarsa Nas ta zo, na tare ta a rumfa da hoton yautan a hannu. Na ce, “Ga abin da kyamarar take gani. Babanki lafiyarsa ƙalau, kewa ce kawai, ita kuwa ba a yi mata allura.” Ta kalli tsuntsun, ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce, “Kawu, ka tabbata?” Na ce ta taɓa jin na yi ƙarya ba a kan kuɗin faci ba? Ta kwana biyu ta koma, ta bar shi a ɗakinsa.

Yautan ya daɗe da tashi, masu kamun kifi sun ce har ɓawon ƙwansa iska ta kwashe. Tsaya-Haka yana nan, kullum da sassafe yana wucewa ta gaban rumfata da ƙafa uku a kafaɗa. Da rana ya dawo, kati wayam, fuska sake irin ta wanda ya sha hira. Wani lokaci yakan tsaya ya ce, “Mai Faci, gobe za ka zo ka leƙa?”

Sai in ce taya ta yi mini yawa.