Gurbin Tsakiyar Bargo

Jiya wajen shara na tsinci ƙyalle mai warin man zafi, sai Iya, mai yawan shafa shi, ta faɗo min a rai. Ita ke zaunar da masu lalurar ƙwaƙwalwa da muke kula da su, suna haɗa bargo da ƙyallayen teloli. Ran da zan warware karkataccen ɗinkin Audu, ɗaya daga cikinsu, buge min hannu ta yi: "Bar shi, 'yata, sanyi bai san karkatacce ba."

Ƙyallen tsakiya ita ke sawa. Da ta rasu aka ce musu ta tafi Awe sayen gishiri, su kuwa suka hana kowa cike gurbin sai ta dawo. Audu, da furfurarsa, kullum sai ya tambaye ni, "Anti, gishirin bai samu ba?"

Bargon na nan a huje. Allah ya lulluɓe ki da rahamarsa, Iya, ya dubi waɗanda kika bari.